Tsani Mai Ƙafa Goma

Ranar wata Laraba da hantsi, a kakar 1988, manoman rani na Tiga suka buɗe sitonsu suka tarar babu gwangwanayen irin tumatir. Kwaɗo lafiya lau, mabuɗi kuwa a wuyan Buba mai gadi yake. Kafin Saje Abdussalami ya iso daga Tudun Wada, an gama yanke wa tsohon hukunci da baki.

"Yallaɓai, shekara tara ina gadin nan," in ji Buba. "Yau ni ne ɓarawo?"

Tausayinsa ya kama Saje. Ya zagaya bayan sito. Can sama ga taga an ɓalle ragarta, ga inda kan tsani ya ƙarje bango daidai bakinta. Lambatu ne a gindin bangon, dole ɓarawon ya kafa tsaninsa a hayi, ya bar ramuka biyu cikin jar laka.

Saje ɗan magini ne, da igiyar awo ya tashi. Ya auna: daga ƙasa zuwa taga ƙafa takwas, daga bango zuwa ramukan ƙafa shida.

"Mai mabuɗi me zai yi da taga?" ya tambayi jama'a. "In magini zai fitar da kusurwa, uku nan, huɗu can, tsakaninsu biyar. Ku ninka: shida, takwas, goma. Tsani mai ƙafa goma nake nema."

Tsani biyu ne a unguwar. Na Inuwa mai fenti sha huɗu ne, da ya wuce tagar. Na Ɗanliti kafinta takwas.

"Ka gani, Yallaɓai? Daga hayin lambatu nawa ba zai kai ba," in ji Ɗanliti, yana washe baki.

Saje ya durƙusa. Tsanin ya yi baƙi don tsufa, amma gindinsa fari tas, sabon yankan zarto.

"Ina guntayen?"

"Na zubar."

"Kafinta ya zubar da katako mai ƙafa biyu? Haba Ɗanliti!"

Ai kuwa suna ƙarƙashin bencinsa da jar lakarsu, ya adana zai yi ƙafar kujera. Aka haɗa, goma cif. Gwangwanayen kuma suna cikin buhun dusar katako.

Manoma suka yi wa Buba caa da ban haƙuri. Tsohon ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Ku je ku yafa irinku, lokaci na wucewa," ya ce. "Ni dai azahar ɗin nan zan shiga masallaci ban sunkuyar da kai ba."