Fuskar Kaka Tabita

Ranar da Sati ya fara ganin Hephzibah, 'yan kwaya, mawaƙan cocinsu, kaf ya mayar mata kore shar.

A shagon Oga Amaechi ne da ke unguwar PZ, inda ake buga manyan hotuna a kan leda, irin waɗanda ake ratayawa a taron coci da na siyasa. Injin ya kai tsawon ƙaramar mota, kuma a shekarar 2007 samun irinsa a Zariya sai an tona. Sati ne mai kula da shi. Ita kuwa ɗalibar jinya ce a Shika, 'yan kwaya suka aiko ta daga Samaru ta karɓi banar taronsu. Tana tsaye ledar na fitowa a hankali, har ta hango kanta a sahun gaba da fuska kalar ganye.

"Malam, mu fa 'yan waƙa ne, ba miyar alayyafo ba," ta ce.

Kunya ta rufe Sati. Ya yi mata bayani yana in'ina, cewa tawada kala huɗu injin yake haɗawa, in ja ya toshe sai shuɗi da rawaya su ci karensu babu babbaka. Ya buga gwaji a gefen leda, ga layin ja nan a yanke. Ya wanke kan injin da ke fesa tawada, ya sake bugawa, fuskoki suka dawo na mutane. Sai dai ya daɗe yana kallon ledar yana kallon mai ita, sannan ya ce har yanzu injin bai yi mata adalci ba. Ta harare shi, amma ta bar lambarta, wai ko da banar za ta ba da matsala. Banar ba ta ba da matsalar komai ba, shi ne dai ya kasa zama lafiya.

Saƙonsa na farko ya same ta a bakin aiki: "Alayyafona, yau na haɗa duk tawadar shagon nan ban samo kalar murmushinki ba. Ki taimaka in zo in sake dubawa."

Ta amsa: "Ranar Lahadi bayan sujada. Ka kankare tawadar farcenka kafin ka zo, Mai Kore. Kuma Zibah ake ce mini."

Daga nan motocin Samaru suka san Sati. Soyayya ta kama su ba da wasa ba, har magana ta kai kunnen mahaifinta.

Malam Mordecai tsohon hedimasta ne, mutum mai gaskiya da taurin kai. Bai raina sana'ar Sati ba. Damuwarsa ita ce yaron tashin Sabon Gari ne, a Jushi aka haife shi, bai taɓa kwana a ƙauyen ubansa ba, kuma ba ya jin yaren kowa sai Hausa da Turancin kasuwa. Shi Marvellous yake so, shugaban kwaya, ɗan garinsu, wanda ya san gaisuwar dattawa da yare kuma ya san ya sani.

Ana haka sai aka sa ranar bikin godiya na Kaka Tabita, mahaifiyar Malam, wadda ta cika shekara tamanin, za a ɗauko ta daga ƙauye. Zibah ta yi ta lallashi har Baba ya yarda Sati ya buga banar. Ya ba da hoton da yake ji da shi, ɗan ƙarami, baƙi da fari, duk ya koɗe, na lokacin da Kaka take goyon fari.

Sati ya karɓa da hannu biyu, don ya san ba hoto kaɗai aka ba shi ba.

Sai injin ya zaɓi wannan makon ya yi borinsa. An daɗe ba wuta, janareta ya lalace, tawada ta bushe a kan injin. Duk abin da aka buga sai ya fito da siraran layuka a kwance daga gefe zuwa gefe. Sati ya wanke, ya jiƙa, ya zuƙe iskar da ta shiga bututun tawada, ya goge siririyar ledar da kan yake bi, ya daidaita abin jan leda. Oga Amaechi yana tsaye a kansa yana masifa da Hausarsa ta tsiya. Kwana da kwanaki yaron nan ba abin da yake gani sai layi, har a jikin bango.

Ranar Juma'a layukan suka ɓace a ko'ina, sai wasu sirara a kumatun Kaka, daga gefen baki zuwa kunne. Ya sake bugawa, suna nan. Ya ɗora laifin a kan na'urar da ta kwafi hoton, ya zauna gaban kwamfuta ya share su tas, cikin ƙauna da ƙwarewa. Wawan kirki, har murmushi yake yi.

Ranar Asabar aka warware banar a tsakar gidan Malam, Kaka ba ta iso ba tukuna. Ga budurwar uwa nan tsayin ƙofa, kyakkyawa, kumatu sumul. Marvellous ne ya fara magana, da muryar da ta saba cika coci, ya ce ai dama 'yan Sabon Gari kunyar zanen fuska, tsagar gado, suke ji.

A nan Sati ya gane abin da ya goge.

Malam bai ɗaga murya ba. "Zanen uwata ne. Da shi ake sanin gidan da ta fito. Wanda ya share wannan, gobe asalin 'yata zai share. Ɗauki hularka."

Aka naɗe banar aka jefa ɗakin shirgi. Zibah ta shige ɗaki da kuka, don ita ma ta ɗauka da gangan ya yi. Ta rubuta masa: "In fuskar kakata ba ta yi maka ba, da ka faɗa mini. Ni ma jininta ce."

Ya amsa: "Zibah, ban san zane ba ne, na ɗauka ciwon inji ne. Jahilci na yi, ban yi raini ba. Ko ba za a ba ni ke ba, zan mayar mata da fuskarta."

Ainihin kwafin hoton yana nan bai taɓa ba. Oga Amaechi ya ba shi leda ba tare da ya ce uffan ba, wanda a wurinsa babbar ta'aziyya ce. Da sassafen Lahadi, ranar bikin, Sati ya hau acaɓa zuwa coci da sabuwar bana a kafaɗa, kowane zane a wurinsa. Malam ya karɓa ya sa aka rataya, amma ko kallonsa bai yi ba. Sati ya zauna a bencin ƙarshe har aka tashi.

Sai dai ba a ɓoye wa zumuntar matan coci magana. Kafin a raba shinkafa a gida Kaka ta ji komai, ta ce a kawo mata ta farkon, a kuma kira mata yaron.

Aka shimfiɗa banar a gabanta. Idonta ya yi rauni, ƙaramin hoto ya daɗe da gagarar ta, amma wannan ta gan shi sarai. Ta sunkuya ta shafa kumatun da ke kan ledar, sannan ta shafa nata. Ta daɗe a haka. Hawaye suka biyo zanen suka sauko.

"Ina goye aka yi mini zanen nan," ta ce. "Ban taɓa ganin fuskar da Allah ya ba ni ba sai yau."

Malam ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce waccan ta coci fuskar da ubanta ya ba ta ce, tana alfahari da ita, a bar ta a can mutane su gani. Wannan kuwa ɗakinta za ta tafi da ita. Sannan ta dubi Sati da ke durƙushe.

"Mordecai, yaro ya yi kuskure ya dawo da ƙafarsa ya gyara. Abin da bai sani ba, ka koya masa. Ba aikinka ke nan ba tun kana saurayi?"

Tsohon hedimasta ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Mama." Ya gindaya sharaɗi ɗaya, a je da yaron ƙauye ya gaida dangi, ya koyi ko da ina kwana ne da yare. Sati ya ce ko noma aka ce ya yi zai yi. Zibah tana bayan labule tana dariya tana share ido.

A watan Disamba aka ɗaura auren a Samaru. Marvellous ya ja kwaya, kuma a faɗi gaskiya, ya yi waƙa mai daɗi. Bayan fasto ya gama, ango da amarya suka durƙusa gaban Kaka. Ta tallabi fuskar Zibah da hannu ɗaya, ta Sati da ɗayan.

"Jikana, zaman aure zai sa mata layi a fuska, kai ma zai sa maka. In ka gani, ka tambaye ta daga ina ya zo, kada ka yi saurin gogewa. Ubangiji ya sa muku albarka, ya bar ku tare har ku tsufa kamar ni."

Cocin ta amsa da amin, kuma muryar Malam Mordecai ta fi ta kowa fitowa.