Ƙarƙashin Tabarmar Neman Gafara

"Na ce ba za a yi ba! In kunnenki ya toshe ne, in sake faɗa!"

Leota ya doka sandarsa a ƙasa har kofin shayinsa ya tuntsure. Seutatia ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da fere gwaza kamar ba da ita ake ba. Duk wanda ya san ta ya san wannan shirun ba na ladabi ba ne. Tun tana ƙarama in ta kafe a kan abu, sai dai a gaji a bar ta.

"Na ji, Baba. Amma ni dai Lafaele zan aura."

"Wanda ya karya hannun ɗana, shi zan ɗauki 'yata in ba? Ashe ban haifu ba!"

Can jikin ginshiƙin rumfa yayanta Alapati yana zaune, hannunsa na dama cikin filasta tun daga kafaɗa. Ya zuba wa teku ido. Sati uku ke nan da dawowarsa daga birnin Honolulu, kuma tun ranar bakinsa ya mutu.

Shi Lafaele ɗan ƙauyen bayan dutse ne. Kokawa ce ta kai shi kwaleji a Amurka ba tare da iyayensa sun biya ko sisi ba, ya yi shekara huɗu yana ka da 'ya'yan mutane, ya dawo da lambobin yabo da kunnuwa a murɗe kamar soyayyen ƙosai. To amma kokawar kwaleji ba ta cika tukunya. Da ya gama karatu sai ya koma damben keji, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a wuri guda. Alapati ma sana'arsa ke nan, kuma ya riga shi suna. Masu shirya wasa, waɗanda ba ruwansu da surukuta, suka ga kasuwa ta buɗe, suka haɗa su wasa a Honolulu wata uku kafin bikin Lafaele da Seutatia. Seutatia ta roƙe su har da hawaye. Dukansu suka yi mata dariya, wai ai wasa ne.

Garin kaf ya taru a zauren coci ana kallo a talabijin. A turmi na biyu Lafaele ya sure Alapati ya kai shi ƙasa, ya maƙale masa hannu tsakanin cinyoyinsa. Dokar a fili take: wanda aka kama ya bubbuga ƙasa da tafin hannu, nan take a sake shi. Alapati bai bubbuga ba. Ƙarar ƙashin nan har a cocin an ji ta, Inna kuwa ta suma, sai ɗaukar ta aka yi.

Ranar Asabar Seutatia ta tare Lafaele a kasuwar Fagatogo, bayan masu kwakwa.

"Ina da kuɗin tikiti," in ji ta. "Mu tafi Honolulu a ɗaura mana a kotu. In sun huce sa neme mu."

"Haba Tia! Ni ɓarawo ne da zan sace ki?"

"To malam na kirki, faɗa mini me ya faru a kejin nan. Me ya hana ka sake shi?"

Ya kau da kai. "Abin da ya faru a keji, tsakanina da Yaya ne. Jibi zan zo ifoga. Na roƙi Kawu, da ƙyar ya yarda ya raka ni."

Kwandon hannunta ya kusa suɓucewa. "Ifoga? Kana cikin hankalinka kuwa? Wanda ya yi kisa ko ya keta haddin matar wani shi ke zuwa ya duƙa a ƙofar mutane a rufe shi da tabarma! Kai me ka yi? Rafari ma hannunka ya ɗaga!"

"Rafari ba shi zai ba ni ke ba."

"In Baba ya ƙi ɗaga tabarmar fa? Ka san shi ke nan, kai da gidanku kun sha kunya har jikoki?"

"Sai in zauna har ya ɗaga."

Ta yi tsaki ta wuce, ranta a ɓace. Haushinsa take ji, tana kuma jin sonsa ya ninka, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

Litinin da asuba Inna ta fito shara ta koma da gudu. A kan ciyawar ƙofar gida ga mutum biyu zaune, Lafaele da kawunsa, sun sunkuyar da kai, an lulluɓe su da lallausar tabarmar gado mai jan gashin tsuntsu a baki, irin wadda ake ajiyewa tun kakanni. Al'ada ta ce ba ci, ba sha, ba motsi, sai mai gidan da aka ɓata wa ya fito da kansa ya yaye.

"Su zauna," in ji Leota. "Rana ta dafa su."

Rana kuwa ba ta yi musu da wasa ba. Kafin ƙarfe goma gari ya taru, tsofaffi a rumfunan maƙwabta, mata a gindin bishiyoyi ana ta ƙus-ƙus. Wajen sha biyu kawun Lafaele, tsoho ne mai ciwon suga, ya fara tangaɗi, aka janye shi zuwa inuwa. Lafaele ya rage shi kaɗai. Fasto ya shigo ya yi magana, Leota ya ce ya ji, ya gode, a gai da gida. Sai hadari ya taso daga kan dutse, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, tabarmar ta jiƙe ta manne wa bayansa. Bai motsa ba.

Seutatia tana tsaye a bakin rumfa, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Baba, awa takwas ke nan."

"Ko kwana takwas ne."

"To shi ke nan."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta sauka cikin ruwan, ta ratsa ciyawa kowa na kallo. Ta zauna kusa da shi, ta kama gefen tabarmar ta ja ta rufe kanta.

Wuri ya ruɗe da hayaniya. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin 'yar gida ta shiga tabarma tana neman gafarar gidan ubanta ba. Inna ta ɗora hannu a ka tana kuka. "Wayyo ni! Yarinyar nan ta kashe mu!"

"Tia, tashi don Allah," Lafaele ya raɗa mata, muryarsa a dushe. "Kada ki kunyata Baba a gaban mutane."

"Rufe mini baki. Kai ka zaɓi tabarma, ni na zaɓe ka."

Leota ya miƙe tsaye. "Alapati! Je ka fito mini da ƙanwarka!"

Alapati ya taka a hankali har gabansu, ruwa na dukan filastarsa. Ya tsaya. A ƙasar nan ɗa namiji ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya, balle hannu, kuma ita ma ta san da haka sarai.

"Yaya," in ji ta daga ƙarƙashin tabarma, "in ka zo ja na ne, bismillah, ga ni. In kuwa kana da abin faɗa, yau ce ranarsa. Shi dai ya ƙi faɗa mini ko kalma ɗaya."

"Bai faɗa miki ba?"

"Wai tsakaninku ne."

Alapati ya daɗe yana kallon ƙafafun Lafaele da suka yi fari fat don sanyi. Sai ya juya ya fuskanci rumfa, ya durƙusa cikin taɓo.

"Baba, ni na karya hannuna."

"Me ka ce?"

"Da ya kama ni, sau biyu yana ce mini a kunne, 'Yaya, bubbuga, zai karye.' Har sassautawa ya yi. Ni kuma na tuna duk gari na kallo, na ce ba zan sallama wa saurayin ƙanwata ba. Na zage shi, na ce ya karya in ya isa, na murɗa jikina da ƙarfi don in ƙwace. A nan ƙashin ya tafi." Kuka ya ci ƙarfinsa. "Sati uku ina jin ana tsine masa na yi shiru, don kada a ce girman kai ya kai ni. Shi kuma ya zo yana shan rana don ya rufa mini asiri. In akwai mai shiga tabarmar nan, ni ne!"

Leota ya dubi ɗansa, ya dubi jama'a. Tsohon yana da zafin kai, amma ba azzalumi ba ne. Ya ajiye sandarsa, ya sauko ba takalmi, ya kama tabarmar da hannu biyu ya yaye.

Lafaele ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Mutumin da ya gagari 'yan kokawar Amurka, sai ga surukinsa Leota na tallabe da shi kamar jariri.

"Tashi, ɗana. Mu ne da neman gafara." Ya juya ga Seutatia da ke rawar sanyi tana murmushi. "Ke kuma mai kunnen ƙashi, wuce ciki kafin mura ta kama ki! Wannan taurin kan ban san inda kika gado shi ba."

"Ni na sani," in ji Inna tana share ido. Jama'a suka kwashe da dariya.

An yi biki a ranar da aka sa tun farko, aka gasa aladu goma sha biyu. Hannun Alapati bai koma dambe ba, amma duk wasan da Lafaele ya yi bayan nan, shi ne a bakin keji riƙe da tawul yana yi masa ihu, kuma duk yaron da ya zo koyo wurinsa, darasin farko shi ne yadda ake bubbuga ƙasa.

Ku 'yan'uwana matasa, ƙin sallamawa iri biyu ne. Akwai na girman kai, shi ne ya ci hannun Alapati. Akwai kuma na mai gaskiya da haƙuri, wanda ya sunkuya awa takwas a rana da ruwa, ya tashi da mata da mutunci. Kafin ka kafe, ka duba a kan wanne kake.