Hannu Biyu a Naɗe

"Me kike yi?"

Malama ba ta ɗago ba. Yatsunta na kan rigar Shalele, tana ɓalle maɓallan da mijinta ya gama saka wa yarinyar yanzun nan.

"Na wuyan ya matse ta."

"Bai matse ta ba. Sai da na sa yatsa na gwada."

"Abban Shalele, don Allah, ina sauri. Motar makaranta na jira na."

Ya yi wata irin dariya wadda ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ni da nake wuni ina ɗaure ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba, ni ne ban iya maɓallin rigar 'yata ba? In na dama madara ki zubar ki sake. In na kwantar da ita ki zo ki juya ta. Jiya ina ɗauke da ita kina bina a baya da hannu a buɗe, kamar na ɗauko tiren ƙwai!"

"Kulawa ce kawai..."

"Kulawa? Malama, ni baƙo ne a gidan nan. Baƙo ma ana barinsa ya ɗauki jaririn masu gida." Ya nuna kantar da ke jikin bango. "Duk littattafan nan na hikima da iya shugabanci da kike karantawa, ba wanda ya ce miki mutum yana gajiya da a nuna masa bai iya komai ba?"

Sai a lokacin ta lura da jakar da ke bakin ƙofa. Ba tata ta hawan dutse ba, tasa ce.

Ta saki rigar Shalele.

"Ina za ka?"

"Gidan Yaya. Tunda ke kaɗai kin isa, ki ci gaba."

Ya sumbaci goshin Shalele, ya fita. Ta so ta bi shi, amma direba ya danna hon a waje, mai raino kuma ta shigo da sallama. Haka ta haɗiye kukan, ta saɓa igiyoyi a kafaɗa.

Malama ce mataimakiyar shugabar makarantar 'yan mata, ita ce kuma ta kafa ƙungiyar hawan dutse, bayan ta sha fama da iyaye masu cewa wannan ba aikin mace ba ne. Ta yi musu alkawari da bakinta: kowace yarinya za ta koma gida ba ƙwarzane.

A gindin dutsen ta duba hular kwanon kowa, ta ja ɗamarar kowa, ta taɓa kowane ƙulli. Ita ta hau ta zura igiya a zoben ƙarfen da ke sama, ta sauko ta tsaya a ƙasa tana riƙe da ɗaya bakin. Aikin mai riƙe igiya ke nan: yarinya na hawa tana janyewa, in ta zame ta riƙe ta.

Dokar aikin kuwa ita da kanta ta koyar da ita: in mai riƙo ya saukar da 'yan kaɗan, ya ba wani ya huta, domin hannu yana mutuwa ba tare da ya yi sallama ba.

Ƙaramar malamar da ke taimaka mata, wadda yara ke kira Anti, ta matso.

"Malama, kawo in karɓe ki."

"Bari wannan ta sauko."

Ta sauko, wata ta hau.

"Malama, rana ta take fa. Tun safe kike tsaye."

"Na ce ki bari, Anti. Je ki duba ko sun sha ruwa."

Anti ta yi murmushin da bai kai ciki ba. "Wata nawa ina horo, har yau aikina rabon ruwa ne."

Malama ta yi kamar ba ta ji ba. Safar hannunta ma ta cire ta ba wata yarinya da tata ta yage.

Monita, shugabar ajinsu, ita ce ta ƙarshe, doguwa mai jiki, sarkin surutu. Ta kai sama ta ɗaga hannu tana ihu, "Malama, ina hango gidanmu! Wallahi ko shanya ba a kwashe ba!" Yara suka tuntsire da dariya.

Wajen saukowa ne ƙafarta ta zame, ta faɗo da dukkan nauyinta.

Malama ta damƙe, hannun ya ƙi. Yatsun sun sandare, kamar ba nata ba. Igiyar ta ƙwace tana gudu da wani irin sauti.

"Innalillahi! Monitaaa!"

Ta cafke ta da hannu biyu tsirara. Wuta ta ratsa tafukanta har ƙwaƙwalwa, ta ji ƙaurin fatarta da hancinta, ba ta saki ba. Duk da haka igiyar na tafiya... sai ta ji an fizge ta daga baya. Anti ce ta faɗa kan ragowar igiyar, ta naɗe a ƙugu ta zube ƙasa da ita.

Monita ta tsaya tana lilo, takalminta na shafar ciyawa.

A asibiti aka wanke ciwon, aka naɗe hannayen biyu har wuyan hannu, suka koma kamar dunƙulen auduga. Likita ta ce kada su taɓa ruwa, kada su ɗauki komai sai fata ta tofo. Anti ta mayar da yaran makaranta ita kaɗai, ta kira iyayen Monita, ta yi wa shugabar makaranta bayani. Ba abin da ta bari a baya.

Da la'asar direba ya sauke Malama a gida. Mai raino ta riƙe baki.

"Wayyo Malama! Ga shi nawa yaran na can su kaɗai. Ko in kira miki wani?"

"Je ki kawai, zan iya."

Ƙofa na rufuwa Shalele ta farka.

Kukan yunwa ne, Malama ta san shi. Ta sunkuya kan gadon ta zura damatsanta ƙarƙashin yarinyar, tafin ya gogi katako, ta saki ƙara. Ta sake gwadawa. Shalele ta sulluɓe, kanta ya koma kan katifa, ta ƙara tsandara ihu tana miƙo hannuwa.

"Yi haƙuri, 'yar lelena... ga Mama, ga Mama nan..."

Ta ruga kicin. Gwangwanin madara a rufe gam, da hannunta ta murɗe shi da safe don kada iska ta shiga. Ta matse shi a ƙirji ta sa haƙori, murfin ko motsi. Ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Fulas ɗin ruwan zafi kuwa ko kusantarsa ba ta yi ba.

Ta dawo ta durƙusa gaban gadon, ta cusa fuskarta tsakanin sandunan. Fuskar yarinyar ta yi jajir, muryar ta fara dishewa.

"Ya Allah... ya zan yi? Ya zan yi?"

Wayarta na kan kujera. Da ƙyar ta dangwala sunan mijinta da haɓa. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake.

"Ina jin ki." Muryarsa a bushe.

Duk maganar da ta shirya ta gudu.

"Abban Shalele... ka zo. Ba zan iya ɗaukarta ba. Wallahi ba zan iya ba!"

Ya ji kukan da ke bayanta. Bai tambayi komai ba, wayar ta mutu.

Bai daɗe ba ya banko ƙofa, gilashinsa na gyaran agogo na rataye a wuya. Ya kalli hannayenta, fuskarsa ta sauya, amma gadon ya fara nufa. Ya sunkuci Shalele ya ɗora a kafaɗa, ya zaro gwangwanin da ƙafa, ya dama madara da hannu ɗaya. Malama na bakin kicin tana kallo. Cokalin ƙarshe bai cika sosai ba. Bakinta ya buɗe... ta cije leɓe.

Ya ɗiga madarar a bayan hannunsa, ya zauna a ƙasa ya sa wa Shalele kwalbar a baki. Ɗakin ya yi tsit, sai sautin zuƙa.

"Me ya same ki?" ya tambaya, idonsa na kan yarinyar.

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba.

"Anti ta ce in ba ta igiyar, na hana. 'Yar mutane ta kusa mutuwa a hannuna yau, don ina ganin ba wanda zai riƙe kamar ni. Tun ranar da aka miƙo min Shalele tsoro bai bar ni ba. Gani nake in na kau da ido sau ɗaya za ta tafi. Ba raina ka na yi ba, wallahi tsoro ne..."

"Ni ba na jin tsoron ne? Ni ma 'yata ce. Sai ki bar ni in ji tsoron tare da ke."

"Ka dawo, don girman Allah."

"Don hannunki ya warke ki sake tura ni gefe?"

"Zan yi kuskure, na san halina. In na yi ka ce min, Malama, koma gefe. Zan koma. Amma kar ka sake ɗaukar jaka, rabin raina. Yau na ga gidan nan ba kai."

Shalele ta saki kwalbar, ta kama gemunsa tana gwaranci.

"Yaya ma cewa ya yi shi ba ya ajiye mai yaji," ya faɗa a hankali. "Wai namiji da gemu."

Dariya ta ƙwace mata, ta haɗe da kuka. Hawaye na zuba har wuyanta, ta ɗaga dunƙulallun hannayen ta kalle su, ta mayar kan cinya.

"Abban Shalele..."

"Na'am, tawan."

"Share min. Ba ni da hannu."

Ya gyara wa yarinyar zama a cinyarsa, ya matso kusa, ya sa babban yatsansa a kuncinta.