Kafar Allura

Ranar da keken ɗinkinta ya fara tsallake ɗinki ta fara ganinsa. Ya shigo shagon da jakar kayan gyara, ya ce ta taka keken, ya karkata kai yana saurare.

"Malam, keke ne fa, ba rediyo ba."

"Ai shi ma yana faɗin inda ke masa ciwo. Mutane ne ba sa ji."

Ya juya sukudireba sau biyu, keke ya daidaita. Daga ranar ta raɗa masa Likita, shi kuma yana kiranta Allurata, wai ta soke shi a inda ba ya warkewa.

Sun shekara tare, manya sun san da maganar, sai ya fara laluben kafar allura, zare yana ƙin shiga. A asibiti aka ce jijiyar idanunsa ce ke mutuwa a hankali. Magani zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

Babanta ya kira ta ɗaki. "Ba ƙinsa nake ba, 'yata. Gobenki nake dubawa." Kafin wata ya ƙare, ɗan amininsa, wani malamin makaranta mai ido garau, ya fara sallama a gidan.

Likita ya rufe shagonsa. Mako biyu yana zaune a bakin gado da tambaya ɗaya: in ya riƙe ta, so ne ko son kai? In ya sake ta, tausayi ne ko tsoro? Ya matso da waya dab da fuskarsa, ya rubuta:

"Allurata, kada ki ɗinka rayuwarki da yagaggen yadi. Ki bi maganar Baba. Ni na haƙura, na bar wa Allah."

Ta yi kuka har ta jiƙa yadin mutane. Kwana uku ba ta amsa ba. A na huɗu ta turo:

"Likita, Allah ya ce yana tare da masu haƙuri, bai ce masu haƙura ba. Tsoro ka ji, ka sa masa sunan tawakkali. Ni ma ina jin tsoron, amma ban rufe shago ba. Kekena ya lalace, yana gidanmu. Ka zo gobe da safe."

Ya je, yana dafa bango a inda haske bai kai ba. Baba na zaune a falo, suka gaisa. Ta taka keken, Likita ya karkata kai.

"Wannan ba lalacewa ya yi ba. Kwance shi aka yi."

Ta sunkuyar da kai. Baba ya yi gyaran murya.

Likita ya runtse ido, yatsunsa suka bi ƙarfen, ya mayar da komai mazauninsa. Saura zare. Ya gwada sau uku, zaren ya ƙi shiga, hawaye suka zubo masa.

"Baba, ka gani da idonka. Wannan ya fi ƙarfina, kuma gaba sai ya fi haka. Ba zan ɓoye maka ba."

Ta karɓa, ta lashi bakin zaren, ta zura. "Dama wannan aikin tela ne. Wa ya aike ka?"

Baba ya dube su. "Har yanzu gabana faɗuwa yake," ya ce. "Amma shekara sittin ina da ido biyu lafiya, ban taɓa hango gobe da su ba. Ka turo manyanka."

Kafin ranar ɗaurin aure idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Da aka kawo ta, inuwa kawai ya gani cikin rigar da ta ɗinka da kanta. Ya shafa bakin hannun rigar a hankali.

"Ko ɗinki ɗaya bai tsallake ba."

"Ai Likitana ne ya gyara keken," ta ce.

Daga bakin ƙofa Baba ya ɗaga hannu. "Allah ya yi muku albarka. Ya zama hasken gidan nan."

"Amin," suka ce tare, ba ta saki hannunsa ba.