Hannun da Baba Ya Ɓoye

"Baba, don Allah kar ka zo da jitar nan!"

Ya ɗago ya dube ni, wuyan kwalbar da yake goga wa tsirkiyar jitar in yana kiɗa na maƙale a ɗan yatsansa.

"In iyayen saurayin naki suka tambayi sana'ata fa, Verlene?"

"Ka ce... ka ce auduga kake nomawa."

Shekara talatin mahaifina Hosea Pettibone yana kiɗan blues da jita daga garin Clarksdale har Memphis. Da kiɗan nan ya raine ni bayan rasuwar Mama. Amma Cleophus, sanyin idona, ɗan Fasto ne, kuma a gidansu kiɗan Shaiɗan ake kiransa. Tsoron rasa shi ya rufe min ido.

"To, 'yar Baba," kawai ya ce.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci Baba ya zo cin abinci gidan su Cleophus cikin kwat ɗin aro, hannun hagu cushe a aljihu. Kan yatsunsa duk kanta ce, kowa a garin nan ya san me ke jawo ta.

Aka jera soyayyar kaza da burodin masara. Kaico, na manta! A gidan nan ba a taɓa abinci sai an riƙe hannun juna an yi addu'a. Kuma Mama Ozella, uwar Cleophus, ita ce a hagunsa.

Ya zaro hannun a hankali. Ana cewa amin kowa ya saki, ita ba ta saki ba.

"Malam Pettibone, wannan kantar ba ta fartanya ba ce."

"Auduga nake nomawa, Uwargida," ya ce, idonsa a faranti.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon da bai taɓa min ƙarya ba, yau na sa shi yana yi saboda ni.

"Ƙarya ce!" na fashe da kuka. "Ni na sa shi! Makaɗi ne, ubana ne... kunyarsa na ji!"

Fasto ya ajiye cokali. Mama Ozella na ta kallon Baba.

"Ƙanena Wiley a gidan giya ya mutu," ta ce. "Mawaƙan coci suka ƙi zuwa kabarinsa. Mutum ɗaya ya tsaya cikin ruwan sama ya kaɗa masa jita da wuyan kwalba. Tun shigowarka nake cewa na san fuskar nan."

Cleophus ya matse hannuna. "Haba masoyiyata, kin ɗauka ƙaunata ba ta kai nan ba?"

Na zagaya na durƙusa gaban Baba, na kasa ɗaga kai.

"Ka yafe min, Baba..."

Yatsun nan masu kaushi suka share min hawaye.

"Ke za ki yafe min, 'yar Baba. Na yi iya ƙoƙarina in ɓoye, hannun ne ya ƙi."