Goron da Ya Ƙi Rabuwa

Kawuna Ma'azu dillalin goro ne a kasuwar Lolo, kuma akwai shi da cika baki. Cewa yake babu adadin da zai gagare shi rabawa da ka.

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, wata ranar kasuwa ya taso gida dab da magariba, ya bi gefen kogin Kwara. A gindin wata tsamiya ya iske tsohuwa zaune gaban tulin goro, da yara biyu jiƙe sharkaf. Wurin sai ƙarnin taɓo.

"Ɗana, kai na mai lissafin da aka faɗi?" in ji ta. "Raba ma ɗiyana goron ga daidai. Amma ka sani, abin da yay yi saura na mai rabo na. Wanda yac ci saura ko, namu na."

Mai hankali da ya ba ƙafa iska. Kawu kuwa tsugunawa ya yi, ya ƙirga biyar-biyar. Ƙwarya ashirin da biyar, kowace goro ɗari, ga ashirin da ɗaya a kai. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya.

Ya raba biyu a ransa. Ɗaya ya yi saura.

Ruwa ya motsa. Yaro na uku ya fito, ya zauna.

Ya raba uku. Saura ɗaya.

Na huɗu ya fito, sai na biyar. Saura ɗaya. Kwaɗi suka yi tsit. Sai a nan ya lura babu mai numfashi a wurin sai shi.

Shida, bakwai, takwas. Zufa ta karyo masa. Tara.

Saura ɗaya.

Na goma ya zauna har gwiwarsa na taɓa ta Kawu, sanyi kamar randa.

Tsohuwa ta ɗauki jan goro guda, ta miƙo.

"Amshi rabonka."

Hannunsa ya miƙe da kansa. Ya tuna matarsa Atika da 'ya'yansa. Lissafi ya ƙare masa. Abin da ya zo masa shi ne abin da kowane dattijo ke yi in baƙi sun fi goro yawa.

Ya yi bisimilla, ya sa farce ya fasa goron, ya gutsuttsura shi goma, ya ajiye gaban kowane yaro.

"Babu saura, Inna," ya ce da raɗa.

Ta nuna hannunsa.

"Diba farcenka."

Ɗan jan ɓurɓushi ya maƙale a ciki.

Ya zuba da gudu, bai waiwaya ba har gida.

Kawu bai ƙara rabon goro ba har ya rasu. Amma tun daga ranar, duk yadda Atika ta ƙirga mutanen gida kafin ta kwashe tuwo, sai malmala ɗaya ta yi saura. Na sha gani da idona. Ba mai taɓa ta, ko kaji ba a ba, a kwano take kwana.

Da safe kwanon a wanke yake, yana ƙarnin taɓo.