Buhun Irin da Ya Ɓata

Rana ta take tsaka lokacin da Maiganye ta shigo gida tana ɗingishi, ƙwarya a ka, ƙaya a tafin ƙafa, zaninta duk taɓon rafi. Tun da sassafe ta fita kamar kullum, tana bin gaɓar ruwa tana tsinkar ganyen daji, tana tonon saiwa, tana tsintar 'ya'yan itacen da iska ta kakkaɓo. Da wannan, da ɗan lambun da mijinta ya bari a gefen rijiya, take riƙe cikinta da na 'yarta Lele tun da ya rasu. Shi ya sa mutanen gidan suka ajiye sunanta suka laƙa mata Maiganye, kuma ba don yabo ba. A gidan manoma, mai cin abin da ba a shuka ba akuya ake ɗaukarsa.

Amma yau ba dariya ta tarar ba, shiru ta tarar. Ɗakin hatsi a buɗe. Surukarta Inna tana zaune kan turmi ta zabga tagumi. Babban Yaya, wan mijinta, yana tsaye yana kaɗa makulli.

"Buhun iri ya ɓata," in ji shi, idonsa a kan ƙwaryarta. "Masarar da muka ɗaure cikinmu muka ƙi taɓawa don shukar bana, babu ko ƙwaya."

"Innalillahi! Yaya, garin yaya?"

"Ke za mu tambaya. Wa ke share ɗakin Inna, inda ake rataye makullin nan?" Ya janyo Lele ya kama kumatunta. "Ku duba mini yarinyar nan! Yaran gidan nan duk sun zama sillen kara, ita kaɗai ke sheƙi. Ganye ne ke yin wannan kumatu? To ashe da tuni akuyar gidan nan ta fi saniya!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Haka muke! Idan babba ya nuna yatsa, sai kowa ya bi yatsar da kallo, ba mai waiwayawa ya dubi hannun. Ba wanda ya tambayi wa ya rage a gida ranar da aka fita sharar gona. Ba wanda ya tuna cewa tun kafin a share makoki Babban Yaya ke zagaya lambun marigayi yana auna shi da ido.

Aka shiga ɗakinta aka yi kaca-kaca da shi. Aka zazzage katifa, aka kife akwati, aka fasa 'yar tukunyar da take adana irin kuɓewa da na kabewa, kaji suka yi caa a kai tana kallo. Ba a sami masara ba. "Ai ɓarawo ba ya ajiya a ɗakinsa," in ji Babban Yaya. "Me kuke tsammani take kaiwa daji kullum a ƙarƙashin ganye?" Daga ranar aka hana ta gugan rijiya, lambun ya fara yaushi a gaban idonta. Maƙwabciyar da suke tsinkar ganye tare ta canja hanya. Idan ta gifta, sai ta ji ana jan ƙofa, ana ƙirga kaji. Har ita ma ta fara zargin kanta: ko ta taɓa barin makullin a ƙasa? Ko Lele ta yi wasa da shi?

Na ƙarshe shi ya fi ciwo. Inna ta kira ta, ba ta ko dube ta ba. "Idan an gama shuka ki tattara ki koma gidanku. Lele jininmu ce, a nan za ta zauna."

Maiganye ta zube ta kama ƙafarta. "Inna, ki dubi Allah! Wallahi ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ba... Ku karɓe lambun, ku karɓe ɗakin, zan kwana a zaure, amma kada ku raba ni da ita. Ita kaɗai ya bar mini!"

"Na gama magana," in ji tsohuwar.

Aka kwashe tabarmar Lele aka kai ɗakin Inna. Yarinyar tana miƙo hannu tana ihu, "Umma! Umma, me na yi?" Uwar ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin yatsunta. "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ba ni da mai tsaya mini sai Kai..."

Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Aka bi maƙwabta ana roƙon aron iri, aka fita shuka. Ɓarauniya ce, amma ba ta yi ƙazantar da za a ƙi hannunta a gona ba! Maiganye ta bi bayan masu saran rami tana jefa ƙwaya a rami tana rufewa da diddige, har bayanta ya ƙi miƙewa.

Safiyar tafiya ta ɗaure ƙunshinta, ta ce bari ta yi wa lambun kallon ƙarshe. Don kada ta haɗu da kowa, sai ta bi ta lungun bayan ɗakin hatsi, inda ba a cika bi ba. Nan ta tsaya cak. Daga bakin ƙofar ɗakin, tsiron masara ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya, a jere kamar an ja igiya. Wa zai shuka masara a lungu? Ta bi layin da ido. Bai nufi ɗakinta ba, bai nufi daji ba. Ya kewaya katanga ya tsaya a ƙofar tsohon ɗakin awakin Babban Yaya, wanda ya garƙame da kwaɗo tun rani.

"Inna... Inna! Zo ki gani!"

Tsohuwar ta zo tana dogara sanda, gida duka ya biyo ta. Ta sunkuya ta tuge tsiro ɗaya, ga ƙwayar masara maƙale a saiwarsa. Ta dubi ƙusar da ta fito a jikin ƙofar ɗakin hatsi, ga zaren buhu a rataye.

"Buɗe ɗakin awakin nan," in ji ta ga Babban Yaya.

"Inna, makullin ya..."

"Ku ɓalle shi!"

Ga buhun a ƙarƙashin rufin da ke yoyo, gindinsa a yage, ya jiƙe ya kumbura, tsiro ya huda shi ta ko'ina. Ashe ranar da Babban Yaya ya ɗauke shi ƙusa ta kama shi, ƙwaya tana zuba a hanya. Da ya waiwaya ya gani, maimakon ya tsince, sai ya bi yana turbuɗe ta da diddige don kada a gani. Ƙafar manomi abu ɗaya ta sani. Yana zaton ɓoyewa yake yi, ashe shuka yake yi!

"Inna, adana shi na yi, saboda ɓeraye..."

"Ɓeran ga shi tsaye da hula!" Inna ta fizge makullin ɗakin hatsi daga hannunsa. "Ka cuci marainiya, ka cuci ƙaninka a kabari, ka sa ni na cuci amanar da ya bar mini. Aron da muka ci, daga gonarka za a biya shi, ko da ba za ka tsira da zangarniya ɗaya ba. Kuma daga yau ba ka da bakin magana a gidan nan." Ta juya ga Maiganye, ta fashe da kuka. "'Yata, ki yafe mini... ki yafe wa tsohuwar da ta ari idon wani ta dube ki."

Kafin Maiganye ta amsa, Lele ta ruƙunƙume wuyanta. A hannun Maiganye Inna ta damƙa makullin. Waɗanda suka ja ƙofa jiya, yau su ke rige-rigen ɗebo mata ruwa a rijiya.

Babban Yaya ya ɗauko fartanya zai kafce layin. "Bar shi, Yaya," in ji ta a hankali. "Abinci ne."

Haka masarar ta girma a lungun, ta fi ta gona tsayi, shi kuwa kullum sai ya ratsa ta gefenta kansa a ƙasa. Da ta nuna, Maiganye ta karyo ta farko ta gasa, ta miƙa wa 'yarta.

"Ci, Lele. Wannan wan babanki ne ya shuka miki da ƙafarsa."